Agogon Injin Ruwa

Mai wayarin ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba a taɓa kiransa ya sake aikin da ya riga ya gama ba. A shagon kawunsa mai gyaran fanka ya koyi sana'ar. Matarsa kan ce ko igiyar shanya ya ɗaura sai ya ja da baya ya duba ko ta miƙe.

Surukinsa, mahaifin matar, ya tsufa a wani ƙaramin otal yana kula da wurin ninƙaya. Da shi ke kwashe ganye, shi ke goge tayil. Da gwiwa ta ƙi, sai aka bar masa abu ɗaya, kunna injin tace ruwa da kashe shi a kan lokaci. Tsakanin haka yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakin injin.

Wata safiya manajan otal ɗin ya kira mai wayarin.

"Agogo nake so ka haɗa wa injin nan, ya riƙa tashi yana tsayawa da kansa."

"To Baba fa, ranka ya daɗe?"

"Baba ya je ya huta. Ai ya yi ƙoƙari."

Agogo iri biyu mai wayarin ya tarar a shago. Ɗaya mai batir ne, ko an ɗauke wuta lokacinsa ba ya ɓacewa. Ɗayan faifai ne mai juyawa, wuta na tafiya yake tsayawa, in ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar ba abin da ya faru. A unguwar kuwa wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ya daɗe yana juya su a hannu, sannan ya ɗauki mai faifan.

"Kai da kanka?" in ji mai shago.

"Ni da kaina."

Da ya koma otal, ya kashe babban makunni, ya gwada ya tabbata ba wuta, ya jawo waya zuwa agogon, daga agogon zuwa injin, ya ɗaure wayar ƙasa tam. Akwatin agogon ya kafa shi inda ruwa ba zai fantsamo ba, daidai inda hannun mai zaune a kujera zai kai.

Ba a jima ba injin ya fara tashi a lokacin da ya ga dama, ruwan ya soma kore. Manaja ya sake kiran mai wayarin, shi kuwa ya yi masa bayani.

"Sai dai a samu mai gyara masa lokaci duk sanda aka kawo wuta."

"Na ɗauka kai gwani ne," in ji manaja. Ya dubi faifan, ya dubi tsohon, ya ce Baba ya ci gaba da zuwa. Daga ranar otal ɗin bai ƙara neman mai wayarin ba, mai shago kuma ya ba kowa labari.

Tsohon yakan biyo ta gidansu in ya tashi aiki. Ran nan, mai wayarin na tsugune yana warware waya, tsohon ya ce wa 'yarsa, "Mijinki yaron kirki ne, amma hannunsa ya fara sanyi. Ba don ina wurin ba, da ruwan nan ya zama na kwaɗi."

"Haka ne, Baba," in ji mai wayarin. "A riƙa juya faifan ta hannun dama kawai. In aka mayar da shi baya, karyewa yake."