Mai Lemu a Bakin Gada

A flat ɗinmu, ɗan sashen gidan bene a unguwar Erdington can ƙasar Turawa, wutar gas ce murhun kakata Iya. Da an idar da magariba sai ta miƙe ƙafa gabanta, ni da ƙannena mu kewaye ta. Ran nan na ɓare lemu na miƙa mata, ta kau da kai.

"Yau babu Gizo," ta ce. "Wannan ta faru."

Mahaifinta sojan Turawa ne, aka kai su Falasɗinu tun ba a kafa Isra'ila ba. Lokacin ƙungiyoyin Yahudawa masu makamai suna ɓoye, suna dasa wa Turawa bam. Aka sa shi gadin wata gada, umarni ɗaya: duk wanda ya zo a caje shi, kaya da jiki.

Da rana tsaka sai ga mutum da amalanke cike da lemu, gumi na tsiyaya. Tafinta ya duba takardarsa, ya ce ai sunan nan a bakinku Musa ne. Iya ba ta furta ba, ta ce "mai sunan Annabin da ya tsaga teku," don sunan kakanta ne.

"To ke, wa zai laluba aljihun mai sunan ubansa? Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a wuce."

"Iya, akwai bam a ciki?"

"Rufe min baki, uwar gaggawa!"

Bayan la'asar aka canza masu gadi. Mahaifin Iya bai kai bariki ba ya ji ƙara. Gadar ta tashi da Tanko, amininsa, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Mai lemun ne? Amalanke nawa suka wuce ranar? Har ya koma ga Allah bai sani ba, kuma lemu bai sake shiga bakinsa ba. Iya ta kashe wutar ba ko ƙurunƙus. Wallahi na tsorata.

Yanzu ni GP ce, wato likitar unguwa, a Fallowfield. Bara wata dattijuwa ta shigo, sunanta Hauwa, sunan Iya. Ta ce ɗan ciwon ƙirji ne, a ba ta magani kawai, tana riƙe da mayafi gam. Kunya ta kama ni, har na ɗauki biro zan rubuta mata ba tare da na duba ta ba. Sai na tuna gadar nan.

Na ajiye biron.

"Iya, ki gafarce ni," na ce, "sai na duba."