Shekarar da Baba Bai Ga Wata Ba

A unguwarmu ta Hausawa da ke Coal Camp a Inugu, Baba ne mai ganin wata. Dillalin goro ne, ba malami ba, amma Allah ya ba shi ido. Duk ranar da za a duba watan azumi, bayan la'asar yakan hau tudun da ke bayan unguwa, ni kuma ina biye da buta da tabarma, tun ina ƙarama har na zama budurwa. Liman ba ya cewa a ɗauki azumi sai ya ji daga bakinsa. Har maƙwabciyarmu Inyamura mai sayar da ƙosai takan leƙo ta katanga ta ce, "Papa, una moon don come?" don ta san ko ta ƙara jiƙa wake. Ina alfahari da wannan abu fiye da yadda ya kamata, kuma har yau ban daina ba.

A shekarar da nake ba da labari, ana gab da samun mulkin kai, azumi ya faɗo a farkon damina. Daminar Kudu kuwa ba ta da kunya, sai ta rufe sama kwana da kwanaki. Ga shi idon Baba ya fara yana. Bai faɗa wa kowa ba. Ni ce na lura, don yakan miƙa hannu ɗaukar buta ya kama iska, sannan ya yi tari kamar ba abin da ya faru. Na tsorata ƙwarai, don na san ranar da aka daina jiran maganarsa a kan wata, rabin Baba ya tafi.

A kan wannan tudu Turawa suka kafa wata na'ura ta hangen jiragen sama, wadda suke kira rada. Daga gida muna hango ƙarfenta, wata ƙatuwar raga tana juyawa a hankali ba ta gajiya. Yayana, wanda ya yi makarantar boko, yana aiki a can, kuma ya ishe mu da labarinta a kan tuwo. Wai tana ganin jirgi ko yana can ƙololuwar sama a bayan gajimare. Wai gwada ta ake yi, a ga ko za ta ci gaba da gani idan hadari ya taso, ko idan an kunna wata na'urar da ke watsa mata hayaniya da gangan don a rikita ta.

Da wannan labari ya kai masallaci, sai dattawa suka yi shawara irin tasu. Abin da ke ganin jirgi a bayan gajimare, ai wata ba zai gagare shi ba, tunda ya fi jirgi girma. Suka kira Yaya, suka ce ya roƙi Turawa aron na'urar na yamma ɗaya. Yaya ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, wallahi ba aikinta ba ne. Jirgi take nema." Wani mai albasa ya ce rowa ce kawai irin ta 'yan boko. Ni kuwa na ji haushi, don a gaban idon Baba ake nema masa magaji na ƙarfe.

Ranar duba wata muka hau tudu da wuri, da mai albasar nan, wanda ya ce sai ya gani da idonsa. Yaya ya roƙi Baturen da ke kula da wurin, ya bar mu muka shiga wani ɗan ɗaki mai duhu da zafi, yana warin man inji. A tsakiya akwai gilashi zagayayye, wani koren layi yana zagaya shi. Yaya ya nuna wani ɗigo ya ce jirgin gwaji ke nan. Sai aka kunna na'urar hayaniya, gilashin ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gari a faranti, jirgin ya ɓace a ciki. Ya bayyana, ya sake ɓacewa.

Baba ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Kai, yaya kuke sanin ta gani ko ba ta gani ba?"

Yaya ya ce, "Baba, mun riga mun san jirgin yana nan, mu muka aika shi. Ba ma nuna mata. Mu bar ta ta nema. In ta kasa, a rubuta ta kasa."

"Ba a rufa mata asiri?"

"In aka rufa mata, wata rana mutane za su dogara da ita a inda ba ta gani."

Baba ya ɗago daga gilashin, ya ce mu fita, rana ta kusa faɗuwa.

Na shimfiɗa masa tabarma a inda ya saba, wajen wani dutse mai faɗi. Gari ya yi luf, hayaƙin girki na tashi daga gidajen ma'aikatan kwal a ƙasa. Ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, in kin gan shi, kada ki ɗaga hannu. Kai da ke kusa da ita ma haka, ku duka ukun. Ku bar ni in nema."

Gajimaren ya tsage ta yamma bayan faɗuwar rana kaɗan. Na gan shi nan take, siriri, a saman wata bishiyar kwakwar manja. Yaya ya gani, mai albasa ma ya gani, na ji numfashinsa ya canza. Baba yana ta duba sama da hannu a goshi, idonsa ya wuce ta kan watan, ya dawo, ya sake wucewa. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na danne shi a ƙarƙashin gyale, ina kuka ba sauti. Daga nan gajimaren ya rufe.

Ya ce, "Ya fito?"

Na ce, "Ya fito, Baba."

"Ta ina?"

"Saman kwakwar can."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Can na fi dubawa."

Muka yi magariba a kan tudu, muka sauko. A ƙofar masallaci jama'a sun taru, liman ya taso da kansa yana tambaya, "Malam, an dace?" Da Baba ya ce ya gani, ba mai ja da shi, mu ukun nan kuwa ba mai tona shi. Sai ya ce, "Allah gafarta malam, ni ban gan shi ba. Ga maza biyu da suka gani, a tambaye su." Ya tura Yaya da mai albasa gaba, ya koma gefe ya tsaya kusa da takalman mutane.

A hanyar gida maƙwabciyarmu ta tare mu da tambayarta ta kullum. Baba ya yi murmushi ya ce, "E don come, madam. Na my pikin see am." Ta tafi jiƙa wake.

Turawa sun kwashe na'urarsu bayan wani lokaci, mu ma daga baya muka bar garin ba da son ranmu ba. Ina kewar tudun nan da warin kwal bayan ruwan sama. Har muka bar garin, Baba bai sake hawa tudun ba. Duk shekara ranar duba wata, bayan la'asar, yakan miƙo mini butar da tabarmar ya ce in bi Yaya, shi kuma ya zauna a ƙofar gida fuskarsa na kallon yamma, yana jiran mu sauko mu gaya masa.