Malt ɗin 'Yan Dubiya da Ƙafata ta Dama

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na sayar da waya ne, ban sayar ba. Ina nan. Gajiya ce ta rufe min baki, har yanzu ma ba ta gama sakina ba.

Ga wanda bai san ni ba, direba ne ni, Birnin Kudu zuwa Gwaram nake jigila. A tasha Sani Tumbi ake kirana, ina amsawa da dariya. Shayi mai kauri da safe, fanke, taliya, lemo mai sanyi duk inda na tsaya. Sauran yinin a zaune.

Da ƙishirwa abin ya fara. Sai yawan fitsari, har fasinja na tsaki. Na ce zafi ne. Sai ƙarfe ya yanke ni a ƙaramin yatsan ƙafar dama wajen canjin taya, ciwon da bai kai a faɗa ba. Ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari.

Ƙafar dama fa! Da ita nake taka totur da birki. Da ita gidana ke ci.

Aka ba ni gado a asibiti, aka ce ciwon sukari ne. Ɗibar jini, allurar insulin, wankin ciwo kowace safiya. Wankin nan, babba da ni sai da na ciji filo. Ragon layyata ya tafi a magani da gwaji.

Likita ya ce, "Malam Sani, akwai wani furotin a jini da sukari ke manne masa. Shi ke nuna mana cin da ka yi na watannin baya, ba na jiya kaɗai ba. Wani kuma yana nuna kumburi a jiki, naka ya hau. Ciwon ya taimaka, tumbin ma ya taimaka, don kitsensa na zuba abubuwa a jini da ke hana insulin aiki. In sukarin bai sauka ba, ciwon zai haura, ƙafar za mu yanke."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, Allah ya saka musu. Kowa da malt da gwangwanin madara: "A haɗa masa, ya ƙara jini." Ga Inna, mahaifiyata, tun daga Farin Dutse da ƙwaryar fura wadda ta sha sukari. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, haka suka mayar da kai? Ungo, sha."

Na sha. Wa ke ture abin da uwarsa ta dama? Malt ɗin ma na kurɓa, kar a ce na raina.

Da safe awon sukari ya yi sama. Nas ta juya kan matata Hadiza: "Ke ce kike ba shi?" Hadiza ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta ce surukarta ce?

A satin aka cire yatsan. Ban ce fura ce ta ci shi ba, dama ya riga ya mutu. Amma saura ƙafar.

Da Inna ta sake miƙo ƙwarya, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba zan sha ba."

"Ni ce zan ba ka abin da zai cuce ka?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita baranda. Wallahi yankan yatsa bai yi min zafin wannan ba.

Daga nan sai ɗan tuwo kamar na yaro, miya da yawa, zogale, wake, nono ba sukari. Ba daɗi, kar wani ya yaudare ku. Amma ciwon ya rufe a hankali, kuma da aka maimaita gwajin jinin, duka biyun sun sauko. Na koma mota, ina yawo da ƙafa bayan la'asar.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da abokan tasha, da Hadiza da ta sha faɗan da ba nata ba.

Shawarata: in ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, ko ciwo ya ƙi warkewa, a je a auna jini. In za ku dubiya, ku tambayi abin da aka hana mara lafiya kafin ku saya. Addu'a kaɗai ma ta isa.

Inna kam har yau ba ta yarda na warke ba. Duk sanda na je sai ta kama damtsena ta ce na lalace, idonta ya kawo ruwa. Na gaji da bayani, na bar ta. Ni dai na san da ƙafafuna biyu nake shiga ɗakinta in gaishe ta.