Alkunyar da Ta Raba Ɗana da Kakarsa

A shekarun da kuɗin man fetur ke ambaliya a Najeriya, ni matashiya ce mai ji da kai, matar ma'aikacin gwamnati da aka tura Landan sayo wa ƙasa injuna. Muna zaune a wani ɗan gidan haya a Croydon, ni da maigidan da ɗanmu na fari mai shekara shida. Wallahi mun ji daɗin zaman nan. Ranar Asabar mu hau bas mu je neman kuɓewa da busasshen kifi, kafin la'asar falo ya cika da ɗalibai 'yan Arewa masu kwaɗayin tuwo, a ci, a yi ta hirar gida ana shewa.

Wata rana maigidan ya shigo da albishir wai za a mayar da shi Jamus, don haka gara mu sa yaron a makarantar Jamusawa da ke can gefen gari, ya fara kama harshen tun da wuri. Na amince har da rawar kai, don so nake a ce ɗana ya fi na kowa. Ranar farko muka tarar kowane yaro rungume da ƙaton ƙunshin takarda mai tsini cike da alewa, wai haka al'adarsu take. Namu ne kaɗai hannu rabbana. Wata Bajamushiya ta tsakuro masa daga na 'yarta, ni kuwa ina tsaye can nesa, ko kansa ban dafa ba.

Ɗan fari ne, ni kuma an tashe ni a kan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. A Kano wannan ba komai ba ne, ga kaka, ga gwaggo, ga yara cike da tsakar gida, su za su cika masa kunne da surutu. A Landan fa? Makaranta Jamusanci, titi da talabijin Turanci, ubansa ma da Turanci yake masa magana. Ni mai Hausar na kame bakina ina alkunya, alhali ba surukar da ke kallona. Tafiya Jamus ɗin ma ta bi ruwa da aka canza gwamnati, amma muka bar shi a makarantar tunda ya saba.

Yana da shekara goma sha ɗaya muka dawo gida, muka iske mahaifiyata a kwance ba lafiya. Ta riƙe hannunsa tana tsokanarsa, wai mijinta ya dawo daga Turai ko turare bai kawo mata ba. Daga nan ta shiga yi masa magana a hankali, doguwa, tana shafa kansa. Ya waiwayo ya tambaye ni da Turanci me tsohuwar nan take cewa. Ta dube ni ta ce, "Kunyar da na koya miki ta cikin dangi ce, ba ta inda ba shi da kowa sai ke ba." Kuka ya hana ni fassara masa. Ba ta ga ƙarshen watan ba.

Ban ga laifin makarantar ba, ta ba shi ilimi kuma yana cin amfaninsa. Amma ku iyayen da ke ƙasar waje, ku sa yaranku duk makarantar da kuke so, in sun dawo gida daga makaranta ku buɗe baki ku yi musu Hausa, har da ɗan farin. Nawa ya koye ta daga baya, yau ma yana da jikoki. Har yanzu yakan tambaye ni abin da kakarsa ta faɗa masa ranar nan, ni kuma na manta.