Vatsala Kaku da ƙannenta na haya

Vatsala Phadke, wadda duk yaran beninmu a birnin Pune na Indiya ke kira Kaku, wato Gwaggo, ba ta haihu ba. Da mijinta, malamin jirgin ƙasa, ya rasu, sai ya bar mata gida biyu a hawa na uku. Tana zaune a ɗaya, hayar ɗayan ke ci da ita.

Ana nan ƙungiyar masu gidajen ta kafa doka: kada a ƙara ba gwauro haya, sai mai iyali ko ɗan'uwan mai gida. Sakatarenmu, Apte Saheb, shi ya kawo ta. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai ƙirga takalma a ƙofar mutane.

Gidan hayar Kaku ɗaki ɗaya ne, masu iyali kuwa ba sa son ɗaki ɗaya, sai ɗalibai. Samari uku ne a ciki: wani mai rawani daga Punjab, biyu daga Kerala. Aka ce su kwashe kayansu kafin ƙarshen wata.

Taron ƙungiya ya faɗo ranar Rakhi, ranar da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya ɗauki nauyin kare ta. Kaku ta shigo da tire, samarin na biye, kowa da jan zare.

"Ga ƙannena," in ji ta.

"Haba Kaku! Wannan ko yarenmu ba ya ji," in ji Apte.

"Kai da kake ji, me ka tsinana mini?"

Aka kwashe da dariya. Apte ya ɗaga hannu zai buga tebur, Kaku ta cafke shi, ta ɗaure da zare, ta cusa masa alewa a baki.

"To, Yaya, an ce za a raba ni da abincina. Sai ka san yadda za ka yi."

Ba mai tsinke zaren nan a gaban jama'a, balle ga matarsa tana kallo. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce a ɗage maganar. Har yau ba a sauko da ita ba.

Daga baya na tambayi Kaku ko za ta taimaki maƙwabcinmu Lobo, da ake son hana shi ba masu cin nama da kifi haya.

"Masu soya kifi? A beninmu?" Ta toshe hanci. "Ai ni na fara sa hannu a takardar hana shi."