Kujerar Karan Malam Ɗahiru

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shagon magani aka kira ni, wai Malam Ɗahiru, malaminmu na kemistri a sakandare a Funtuwa, ya rasu.



Ina jami'a na faɗi darasin kemistri da ake kira organic, na maimaita, na sake faɗi. Saura dama ɗaya a sallame ni, Baba kuwa ya riga ya ce in na dawo, ga shagon atamfa yana jirana. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne cyclohexane, zoben kabon shida da ake zanawa kamar kujerar kishingiɗa. A maƙala masa abu biyu, a ce ki faɗa: gefe ɗaya suke, wato cis, ko ɗaya sama ɗaya ƙasa, wato trans? Ni dai canki-canka nake yi.

Da hutu na sami Malam a gonarsa ta hanyar Dandume, ana girbin dawa. Ya saurare ni, ya yi dariya, ya ce kaina lafiya lau, takarda ce ba ta da sama da ƙasa. Ya ɓare kara kamar yaro zai ƙera mota, ya haɗa kujerar da tsinke, ya soka barkono biyu a kabon biyu maƙwabta, duk a kwance suna kallon gefe.

Ya ce in faɗa. Na ce cis, da ƙarfina ma.

"Gaggawa aikin shaiɗan. Ɗaga ta daidai idonki."

Sai ga ɗaya ya ɗan karkata sama, ɗaya ƙasa. Trans. Ya murɗa kujerar ta juye, barkonon suka miƙe tsaye, amma na sama yana sama, na ƙasa yana ƙasa. Abin da ya hana ni barci shekara biyu ke nan.

Washegari ya taka da ƙafarsa har shagon Baba, ya roƙe shi ya ƙara mini haƙuri. Na koma na ci jarrabawar.

Ganina na ƙarshe da shi bayan babbar sallah ne, a asibiti a Malumfashi. Ya rame sosai. Ya miƙo mini kwalin maganinsa ya ce, "Duba mini, Hauwa. Idonki na yarda da shi." Na duba, daidai ne, ya sha. Na fito baranda na yi kuka.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya tsaya wa iyalinsa. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.