Filin da Taswira Ta Ce Babu Kowa

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin Malam Manu na Kusa, can ƙasar Jibiya, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana haƙa kabari. Ba shi da yawan magana. In an yi rasuwa, kafin a gama wankan gawa ya riga ya saɓa diga ya wuce. In ba a yi ba, yana gonarsa ta gero, ita ke nan gare shi.

Tun shekarar da ambaliya ta ci gidaje, mutanen garin ba sa ganin hadari hankalinsu ya kwanta. Sai bana aka turo wata injiniya, Hassana, ta tsara hanyar da za a karkatar da ruwan ya bi bayan gari ya faɗa gulbi. Ta zo da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, ta ja jan layi ta inda ƙasa ta fi gangara. Layin ya ratsa wani fili fetal. Aka kafa turaku, aka ce katafila na tafe ranar Asabar.

Ranar Alhamis Manu ya ga turakun, ya nufi wajen Hassana. A filin nan ya rufe baƙin da ruwa ya kawo a waccan shekarar, fatake daga wajen Maraɗi, waɗanda ba wanda ya zo nema. Su uku suka yi aikin, biyun sun rasu. Ka san mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Damina ta bi ta kai, ƙasa ta baje.

Hassana ta saurare shi da ladabi. Ta nuna masa hoton, ta ce ba komai a wurin sai yashi, ga damina ta kawo kai, ba za a yarda ta ɗage layi a kan maganar mutum ɗaya ba. Manu ya tambaye ta yaushe aka ɗauki hoton. Ta ce da rani.

"To, ɗiyata, tada ɗan jirgin nan naki mai ɗaukar hoto gobe da safe. An yi yayyafi wancan mako. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ita ke fara fidda ciyawa."

Da safe jirgin ya tashi, mutane suka yi cirko-cirko. Hassana ta ƙura wa allon da ke nuna hoton ido. Ga zane-zanen kore nan a jere, kowanne tsawon mutum, duk sun miƙe kudu da arewa, yadda mamaci zai fuskanci gabas. Ta ƙirga sha ɗaya.

Ta koma kan taswira tana neman wata gangara. Ta auna nan, ta auna can, gabas kuwa sai haɗa baƙi take. Hanya ɗaya ce ta rage, ta tsakiyar gonar Manu, inda geronsa ya fara tsiro. Da ƙyar ta iya gaya masa.

Ya dubi gonar, ya dubi filin.

"Ja layinki. Ni ina iya tashi in nemi wani wuri. Su ba su iyawa."

Ranar Asabar katafila ta bi ta kan geron, yana tsaye yana kallo. To kai mai sauraro, da gonarka ce, ga baƙin da ko sunansu ba ka sani ba, me za ka ce mata?